Ƙarin saman ƙoda da hawan jinin da ya ƙi jin magani: abin da ya kamata ku sani

A Shadawanka, kamar sauran unguwannin Bauchi, hawan jini ya zama ɗan gida. Ƙiyasin masana ya nuna kusan mutum 3 cikin kowane baligi 10 a Najeriya na ɗauke da shi. Mafi yawansu irin na gama-gari ne, wanda gado da shekaru da gishiri da ƙiba suka taru suka haifar, sai dai a yi ta lallaɓa shi da magani har ƙarshen rai. Amma a cikin masu bin layin asibiti akwai wasu da nasu ciwon yana da tushe guda ɗaya tak: wani ɗan ƙari da sau da yawa bai fi ƙwayar gyaɗa ba, wanda ya tsiro a saman ƙoda. Idan aka gano shi, ana iya cire shi ko a toshe aikinsa. Idan ba a gano shi ba, mutum zai yi shekaru yana sauya magani, awon jininsa na nan inda yake.

Gaɓar da ƙarin ke fitowa a cikinta sunanta adirinal. Guda biyu ne, kowace ƙoda da tata a bisa kanta, kuma nauyin kowace bai wuce giram 4 zuwa 5 ba. Duk da ƙanƙantarta, mutum ba ya rayuwa idan babu ita sai da maganin da zai maye gurbinta. Aikinta haɗa homon, wato sinadaran da jini ke ɗauka daga wata gaɓa zuwa wata don isar da saƙo. Ɓawonta na waje yana fitar da aldostaron, mai sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa ta zubar da sinadarin fotasiyam. Yana fitar da kotisol, mai daidaita suga da ƙarfin jiki lokacin yunwa ko ciwo ko tashin hankali. Yana kuma fitar da ɗan homon irin na maza, a jikin namiji da mace duka. Tsakiyarta kuwa can ake haɗa adirenalin, wanda ke sa gaba ya faɗi, zuciya ta yi ta dukan uku-uku idan an firgita.

Adirinal ba ta aiki da ra'ayin kanta. Duk wanda ya zauna kusa da barikin Shadawanka, hedikwatar Birged ta 33 ta manyan bindigogi, ya san soja ba ya harbi don wani mai wucewa ya ce ya harba. Akwai wanda yake karɓar oda daga wurinsa, kuma oda tana da hanyar da take biyowa. Haka wannan gaɓa take. Odar fitar da kotisol daga fituwitari take zuwa, wata 'yar gaɓa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ta hanyar homon mai suna ACTH. Odar fitar da aldostaron kuma ƙoda ce ke tayar da ita: idan ta ji jini ya yi ƙasa ko gishiri ya ragu sai ta saki renin, shi kuma ya haifar da wani sinadari mai suna anjiyotensin, wanda ke isa adirinal. Da buƙata ta biya, sai a janye odar, aiki ya tsaya. Shi ya sa a jikin mai lafiya kotisol ke yin sama da asuba, ya yi ƙasa sosai da tsakar dare.

To ta yaya ƙwayar halitta ke gane oda tata ce, alhali homon iri-iri na yawo a cikin jini guda? A bangon kowace ƙwayar halitta akwai wasu ƙananan furotin da za mu kira makarɓai. Kowane makarɓi homon ɗaya ko 'yan kaɗan yake kamawa. Ƙwayar da ba ta da makarɓin wani homon, ko jini ya cika da shi ba za ta san yana wucewa ba. Su kuma makarɓan, ƙwayoyin gado ne ke ɗauke da tsarin ƙera su. Ɗan Adam na da ƙwayoyin gado kimanin 20,000 masu ƙera furotin, kuma kusan kowace ƙwayar halitta a jiki tana ɗauke da su gaba ɗaya. Bambancin ƙwayar ido da ta hanta shi ne waɗanda kowace ta kunna da waɗanda ta bari a kashe. A adirinal mai lafiya, ƙwayar gadon makarɓin ACTH a kunne take. Ta makarɓin saƙon hanji kuwa a kashe take, domin babu ruwan adirinal da abin da hanji ke faɗa.

Lokacin da oda ta fara zuwa daga wani wuri

A wasu nau'o'in ƙarin adirinal, wannan tsari ne ke rikicewa. Ƙwayoyin ƙarin sai su kunna ƙwayar gadon da ya kamata ta zauna a kashe, ko su ƙera wani makarɓi fiye da kima. Tun a 1971 masu bincike a Amurka suka lura cewa ƙarin adirinal na ɓera yana amsa homon ɗin da adirinal mai lafiya ba ta kula su. An ɗauki shekaru kafin a ga abin ƙarara a jikin mutum.

A 1992 ƙungiyoyin likitoci biyu, ɗaya a Montreal ta Kanada ƙarƙashin Dokta André Lacroix, ɗaya a Faransa, suka ba da rahoton mata masu alamomin yawan kotisol amma da wani abin ɗaure kai. Idan aka ɗebi jininsu da safe kafin su karya, kotisol ɗin a ƙasa yake. Da sun ci abinci sai ya yi tashin gwauron zabo. Idan aka ba su suga ta jijiya babu abin da ke faruwa, sai an ba su ta baki. Wannan ya nuna saƙon daga hanji yake fitowa. Hanji na sakin wani homon mai suna GIP duk lokacin da abinci ya shiga, aikinsa ya sanar da gaɓar da ke fitar da insulin. Adirinal ɗin matan nan ta ƙera makarɓin GIP, don haka kowane cin abinci ya zame mata odar fitar da kotisol. Sai a 2021 aka gano musabbabin a masu irin wannan ciwo a adirinal biyu: lalacewar wata ƙwayar gado mai suna KDM1A, wadda aikinta ya haɗa da riƙe wasu ƙwayoyin gadon a kashe. Kuma ana iya gadon ta a dangi.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne wanda Lacroix da abokan aikinsa suka wallafa a 1999. Mace ce mai shekara 63. Ta yi ciki huɗu, kuma a kowane ciki takan yi ƙiba mai yawa da alamomin yawan kotisol, bayan ta haihu sai su tafi. Da al'adarta ta yanke sai ciwon ya dawo ya zauna. Bincike ya nuna adirinal ɗinta ta ƙera makarɓin homon LH, wanda asali ƙwan mace da marainan namiji yake yi wa magana. Makarɓin nan yana kuma kama hCG, homon ɗin nan da gwajin fitsari ke ganowa a ce mace na da juna biyu. Lokacin ciki hCG ne ke tayar da adirinal ɗinta, bayan yankewar al'ada kuma LH, wanda ke hawa ya daɗe a sama a wannan shekarun. Da aka yi mata allurar leuprolide, mai danne LH, kotisol ɗinta ya dawo daidai ba tare da tiyata ba.

Na daɗe a kan wannan mata ne saboda matanmu. A yankin da mace ke haihuwa shida ko bakwai, kumburi da hawan jini lokacin goyon ciki abu ne da ake gani kullum, kuma mafi yawansa ba shi da alaƙa da adirinal. Amma a 2015 likitoci a Ingila, ƙarƙashin Farfesa Morris Brown, sun ba da rahoton mata uku masu ƙarin da ke fitar da aldostaron, biyu ciwonsu ya bayyana suna da ciki, ɗaya bayan yankewar al'ada. Ƙarin dukansu na da sauyi a ƙwayar gado mai suna CTNNB1, kuma ya ƙera makarɓin LH da yawan gaske. Ke nan matar da jininta ya hau da ciki, ta haihu, ta yi arba'in, ta yi wata uku, jinin bai sauka ba, tana da haƙƙin a bincike ta fiye da a ƙara mata ƙwaya a sallame ta.

An samu wasu makarɓan ma. Akwai ƙarin da ke amsa adirenalin, ta yadda miƙewa tsaye ko motsa jiki kan sa ya zubo kotisol, kuma a 1997 an nuna maganin propranolol na iya kwantar da irinsa. Akwai mai amsa vasopressin, homon ɗin riƙe ruwa, akwai mai amsa serotonin. An fi ganin waɗannan a ciwon da adirinal biyu duka ke kumbura da ƙulle-ƙulle, wanda a 2013 masu bincike a Paris suka danganta kaso mai yawa na masu shi da ƙwayar gado ARMC5.

Wani ƙarin kuma ba ya ma jiran oda daga ko'ina, makunnin da ke cikinsa ne ya maƙale. A 2011 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka suka gano sauyin ƙwayar gado KCNJ5 a ƙarin aldostaron, a 2014 kuma aka gano na PRKACA a ƙarin kotisol. Wani bincike na 2019 a kan baƙaƙen fatar Amurka ya nuna su sauyin da ya fi yawa a ƙarinsu a CACNA1D yake. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa jami'o'inmu su binciki ƙarin da ake cirewa a asibitocinmu, maimakon dogara ga abin da aka gani a jikin wasu al'ummomi. Galibin irin waɗannan sauye-sauye a cikin ƙarin kawai suke faruwa, iyaye ba sa ba 'ya'yansu.

Wa abin ya shafa?

Mafi yawa su ne masu yawan aldostaron. Dokta Jerome Conn na Jami'ar Michigan ya fara bayyana ciwon a 1954 zuwa 1955, a jikin wata mata mai shekara 34 da ta yi shekara 7 tana fama da kasala da ɗaurewar tsoka. Jininta a sama, fotasiyam ɗinta a ƙasa. Aka cire mata ƙari a adirinal ta dama ta samu lafiya. An daɗe ana ɗaukar ciwon a matsayin abin da ba a cika gani ba. Yanzu an san tsakanin 5 zuwa 10 cikin 100 na masu hawan jini suna da yawan aldostaron, kuma a cikin waɗanda magani uku ya kasa saukar musu da jini adadin kan kai kusan 20 cikin 100. Wasu ƙari ne a gefe ɗaya, da yawa kuma adirinal biyun ne ke aiki fiye da kima. Haɗarinsa ya fi na hawan jinin gama-gari: shanyewar ɓarin jiki ta fi samun su fiye da ninki biyu, ko da awon jinin iri ɗaya ne, saboda aldostaron na yi wa zuciya da ƙoda da jijiyoyi illa kai tsaye.

Duk da haka ba a cika neman sa ba, ko a ƙasashen da ke da kayan aiki. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ya bi bayanan tsofaffin sojojin Amurka kusan 269,000 masu hawan jinin da ya ƙi magani, aka tarar ƙasa da 2 cikin 100 aka yi wa gwajin. A nahiyarmu kuma, wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a 2017, wanda aka yi a Najeriya da Kenya da Afirka ta Kudu, ya nuna idan aka auna renin da aldostaron aka zaɓi magani bisa sakamakon, rabin marasa lafiyar sun samu jininsu ya daidaita, alhali a waɗanda aka bi da su yadda aka saba kusan 1 cikin 10 ne kawai.

Wanda ya kamata ya tambayi likita game da wannan shi ne mai shan magani uku ko fiye yadda aka ce, jinin bai sauka ba. Haka wanda hawan jini ya kama tun yana saurayi ko budurwa, da wanda a danginsa ake shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 40, da mai hawan jini tare da kasala, ɗaurewar tsoka, yawan ƙishi da fitsarin dare, da wanda aka taɓa ce masa fotasiyam ɗinsa ya yi ƙasa. Sai dai a sani, mafi yawan masu ciwon fotasiyam ɗinsu daidai yake, don haka sakamako mai kyau a wannan gwajin bai rufe magana ba. Kuma wanda aka ce fotasiyam ɗinsa ya yi ƙasa kada ya nufi kanwa don ya ji ana ce mata fotash. Galibin abin da ke cikin kanwa sodiyam ne, ɗan'uwan gishiri, ƙara masa hawan jinin za ta yi.

Yawan kotisol, wanda ake kira ciwon Cushing da sunan likitan Amurka Harvey Cushing, shi a jiki yake nuna kansa. Fuska ta cika ta yi zagaye, kitse ya taru a ƙeya da tumbi, hannuwa da ƙafafu kuma su sirance. Nankarwa mai faɗi da duhu ta fito a ciki da cinya, fata ta yi laushi, ciwo ya ƙi warkewa. Mutum ya kasa tashi daga tabarma sai ya dafa. Suga da hawan jini su biyo baya, mace kuma al'adarta ta rikice, gashi ya fito mata a haɓa.

A nan dole a faɗi gaskiya: a Bauchi da Kano da ko'ina a duniya, abin da ya fi jawo wannan kama shi ne magani, ƙari na bayansa nesa. Dexamethasone da prednisolone da ake saya a kemis don ƙiba, irin waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, da haɗin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, da man bilicin mai clobetasol ko betamethasone, duk 'yan'uwan kotisol ne. Cikar kumatun da yarinya ke murna da ita alamar cuta ce. Idan aka daɗe ana sha, fituwitari ya daina aika ACTH, adirinal ta kwanta ta shanye. Ranar da aka daina kwatsam, jiki ba shi da kotisol ko kaɗan, jini ya faɗi, amai da suma su biyo, har rai na iya salwanta. Wanda ya wuce sati 3 yana shan irin waɗannan kada ya yanke lokaci guda, ya je asibiti a rage masa sannu a hankali.

Ƙarin tsakiyar adirinal kuwa farmaki yake kawowa: ciwon kai mai tsanani, zufa ta karyo, zuciya ta yi ta bugawa, jini ya haura, bayan wani ɗan lokaci komai ya lafa. A wurinmu ana saurin danganta irin wannan da iska ko tsoro. A yi addu'a, amma a auna jinin lokacin da abin ya motsa. Ba a cika samun sa ba, sai dai yana da haɗari sosai wajen tiyata da haihuwa idan ba a san da shi ba.

Kalmar ƙari na tayar da hankali, don haka ga abin da zai kwantar da shi. A cikin mutum 100 da aka yi wa hoton CT na ciki don wata larura daban, ana ganin ƙulli a adirinal ta kusan 4 ko 5, kuma mafi yawansu ba sankara ba ne, ba sa ma fitar da komai. Sankarar ɓawon adirinal mutum 1 zuwa 2 cikin miliyan take kamawa a shekara. Ita sau da yawa rage makarɓin ACTH take yi, ta kunna ƙwayar gadon girma mai suna IGF2. Likitoci kan fi sa ido idan ƙullin ya wuce santimita 4, ko yana girma, ko mace ta fara fitar da gemu muryarta na kauri cikin 'yan watanni.

Abin da za a iya yi daga Bauchi

Auna ƙwayoyin gadon da ƙari ya kunna aikin ɗakunan bincike ne, ko a Turai ba kowane asibiti ke yin sa ba, kuma mara lafiya ba ya buƙatarsa kafin a fara taimakonsa. Matakin farko mai sauƙi ne: awon jini a lokuta daban-daban, a rubuta a takarda, da gwajin ƙoda wanda fotasiyam ke cikinsa. Daga asibitin bariki ko na unguwa a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, inda ƙwararrun likitoci suke. Idan hali ya kama, akwai asibitin Malam Aminu Kano a Kano, da na Shika a Zariya, da na koyarwa a Jos. Gwajin aldostaron da renin yana da tsada, sau da yawa ma sai an aika jinin wani gari, kuma wasu magungunan hawan jini na ɓata sakamakonsa, don haka likita ne zai tsara lokacin yin sa. Na kotisol kuwa, akan ba mutum ƙwayar dexamethasone miligiram 1 da ƙarfe 11 na dare a ɗebi jini da ƙarfe 8 na safe, ko a tara fitsarin awa 24. Gwajin jini ke fara zuwa kafin hoto, domin ganin ƙulli a hoto bai tabbatar shi ne mai laifin ba.

Idan aka tabbatar gefe ɗaya ne, cire adirinal ɗin nan ya wadatar, ɗayar za ta riƙe aiki. Wani babban nazari na ƙasashe da dama a 2017 ya nuna bayan tiyatar ƙarin aldostaron, 37 cikin 100 sun rabu da hawan jini baki ɗaya, wasu 47 kuma sun samu sauƙi sun rage magani. Matasa da mata sun fi dacewa da warkewa, wanda ke nuna amfanin gano shi da wuri kafin jijiyoyi su taurare. Wanda nasa gefe biyu ne, ko tiyata ba ta yiwu masa ba, akwai spironolactone, tsohon magani mai sauƙin kuɗi da ke toshe makarɓin aldostaron a ƙoda. Ba na saye a sha da ka ba ne: yana iya haura da fotasiyam ya wuce kima, musamman ga mai ciwon ƙoda, yana kumbura wa wasu maza nono, kuma ba a ba mai ciki. Su kuma magungunan hana oda isa ga baƙin makarɓai, wasu sun yi aiki mai ɗorewa kamar na matar nan mai shekara 63, wasu kuma, irin waɗanda aka gwada don danne GIP, tasirinsu na ɗan lokaci ne. Har yanzu tiyata ce babbar mafita.

Abin da binciken makarɓai ya koya wa likitoci shi ne muhimmancin lokacin da ciwo ke motsawa, kuma wannan labari mara lafiya ne kaɗai ke da shi. Idan za ku ga likita, ku tafi da duk abin da kuke sha da wanda kuke shafawa, har na gargajiya da na leda, kada kunya ta sa a ɓoye man fata ko maganin ƙiba. Ku faɗa masa shekarar da hawan jinin ya fara, ko da ciki ya fara, ko ya sauka bayan haihuwa, ko bayan yankewar al'ada ya tsananta, da wanda ya yi irinsa a dangi. Idan kuma kuna kan magani uku jinin bai sauka ba, ku buɗe baki ku tambaya: “Likita, ko za a duba mini fotasiyam da aldostaron?”